SALLA A GIDAN DA AKA RASA ƊA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni fili, ko da zai ɗan fi wanda ka saba ba masu aiko da wasiƙa, domin in yi magana a kan wani al'amari wanda babu unguwar da ba shi, amma jama'a sun yi masa shiru. Al'amarin kuwa shi ne yadda ranar salla ke riskar mutanen gidan da suka binne ɗansu. In salla ta ƙarato, yawancin wasiƙun da ake aiko maka kuka ne a kan tsadar raguna, da teloli masu saɓa alkawari, da masu mota da ke ninka kuɗi. Duk gaskiya suke faɗi. Amma akwai waɗansu gidaje da abin da suka rasa ba a sayar da shi a kasuwa, su ne kuwa ba a jin bakinsu. Da ma Hausawa sun ce ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Ni akawu ne a wani kamfanin jimar fata cikin ma'aikatun Challawa, ina kuwa zaune a Panshekara, ƙasar Kumbotso, kudu da birnin Kano, garin da tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake tura wa birni ruwan famfo daga kogin da ke gefensa. Shekarata 36. Bayan na yi karatun allo mahaifina ya kai ni makarantar mishan, inda aka koya mini lissafi, da tsabtar rubutu, da kiyaye lokaci, da su kuwa nake cin abinci har yau. Aikina ƙidaya: fata nawa ta shigo, nawa ta fita, lebura nawa ya zo, nawa ya yi fashi. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da ke yi masa magana, watau wanda idonsa ya saba da lura in ɗaya ya ragu cikin jimla.

A cikin daminar 2023, watan Satumba, zazzaɓin cizon sauro ya kama 'yarmu ta fari, tana da shekara huɗu da wata bakwai. Muka kai ta asibiti, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, a kwana na uku wanda ya ba mu ita ya karɓi abarsa. Ba a kaina aka fara wannan jarrabawa ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna a kowane yaro 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar, watau kusan ɗaya cikin takwas, a nan Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sha faɗi cewa babu ƙasar da zazzaɓin sauro ke kashe mutane kamar tamu, yawancinsu kuwa ƙananan yara ne. To, ya Edita, ɗauki wannan lissafi ka shimfiɗa shi a kan sahun Idi. Da wuya ka sami sahun da babu uban da ya taɓa rungumar ɗansa cikin likkafani zuwa maƙabarta, ga shi nan sanye da sabuwar riga, yana amsa barka da salla kamar kowa.

Gaskiya, al'adarmu ba ta yar da mai makoki a farkon lamari. Da aka yi mana rasuwa ƙofar gidanmu ta cika. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi, mata suka yi ta aiko da abinci, abokan aiki suka zo daga Challawa da Sharaɗa har da Bompai. Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma da yake yarinya ce ƙarama, daga sadakar uku al'ada ta naɗe tabarmarta, ba a jira bakwai ko arba'in kamar yadda akan yi wa babba ba. Kowa ya kama gabansa. Ni ma na koma bakin aiki, aiki kuwa ya yi mini rana, gama mutumin da ke da littafin lissafi a gabansa tun safe har yamma yana da inda zai ɓoye zuciyarsa. Wata shida muka yi a haka, muna ganin miki ya fara kamewa, sai ga azumi ya kama cikin watan Maris na 2024.

A nan na gane abin da nake so in gaya wa jama'a, watau salla ranar ƙidayar 'ya'ya ce. Rabon babba a cikinta Idi ne, da gaisuwa, da ɗawainiya, shi ya sa ake cewa salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Amma daɗinta na yara ne, duk wani shirinta kuwa da kawunansu ake auna shi. Mai gida ya shiga Kantin Kwari, yadi nawa zai yanka? Sai ya ƙidaya 'ya'ya. Ya nufi Ƙofar Wambai neman takalma da tsinken tsintsiyar da ya auno ƙafafu, tsinke nawa ne a aljihunsa? Mai kitso ta tambaya kai nawa, mai lalle ta tambaya hannu nawa. Ko'ina ka juya sai an nemi adadi a bakinka, adadin kuwa ya ragu da ɗaya. Telanmu yana da awon mutanen gidanmu duka a cikin wani tsohon littafi. Da na kai masa ɗinki ya buɗe shafinmu, sai na ga ya ɗora babban yatsansa a kan layin yarinyar yana karanta sauran, don kada idona ya faɗa kai. Don tausayi ya yi, na kuwa gode masa, amma da na fito shagon da ƙyar ƙafafuna suka kai ni gida.

Wadda ta fi wannan ita ce zakkar fid-da-kai. Kowa ya sani mai gida zai fitar wa kansa da duk wanda yake ciyarwa, babba da yaro har jinjiri, mudun Annabi huɗu kowane kai, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. A ƙaramar sallar 2023 kai biyar na aunar wa: ni, da mahaifiyata, da mai ɗakina, da yarinyar, da ƙanenta da ke goye. A daren jajiberen sallar 2024 na durƙusa gaban buhun gero ina awo, da na cika kai huɗu sai hannuna ya koma cikin buhu da kansa, domin ya saba. Mai ɗakina tana tsaye riƙe da fitila, ba ta ce kome ba, ni ma ban ce ba. Na auni na biyar ɗin na zuba shi daban, da safe na ba da shi sadaka, gama zakka ba ta hau kan wanda ya riga ya tafi ba, amma ƙofar sadaka a buɗe take.

Sa'an nan ga hutu. A waccan shekara Gwamnatin Tarayya ta ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin kuwa sai ta ƙara da Alhamis. Ma'aikata suka yi ta murna. Injuna suka yi shiru tun daga Challawa har Bompai, aka garƙame ƙofofi, masu gadi kaɗai suka rage. Ni kuwa sai na ga an rufe mini maɓoyata har kwana uku. Wanda bai ɗanɗana ba zai yi mamaki a ce akwai ma'aikacin da ke tsoron hutu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita mai ɗakina ko wannan maɓoya ba ta taɓa samu ba. Tun ranar farko tana cikin gidan nan, tare da ɗan kwanon yarinyar, da takalminta a bayan ƙyaure, da tabarmar da take kwana.

Da aka sauko Idi, yaran unguwa suka fito ayari ayari cikin sababbin kaya, da tabarau na roba da 'yan jakunkuna, suna shiga gida gida neman goron salla, waɗansu kuma ana cusa su cikin a-daidaita-sahu za a kai su gidan zu ko kallon hawa a birni. Ƙawayen yarinyata su huɗu, waɗanda bara tare suka yi yawo, suka zo daidai ƙofarmu suka tsaya, suka dubi juna, sa'an nan suka wuce. Daga baya na ji iyayensu ne suka hana su shiga, wai kada su fama mana ciwo. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma sababbin kuɗin da na tanada don yara a aljihuna suka kwana, gidanmu kuwa ya zama shi kaɗai ne a layin nan wanda ƙafar yaro ba ta taka ba ranar salla. Wallahi wannan ya fi mana zafi bisa ga ganinsu.

Akwai kuma wani ƙulli wanda sai Bahaushe zai gane shi. Na ce yarinyar 'yar fari ce. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba ma yakan kau da kai. Kunya ce muka gada, tana kuwa da kyaunta. Shekara huɗu da wata bakwai mai ɗakina ba ta taɓa kama sunan 'yarta a bainar jama'a ba, sai “ke”, sai “yarinyar nan”. To, wadda ba ta kira suna ana raye ba, ƙaƙa za ta kira shi bayan an mutu? Wadda aka yabe ta da kawaici, ta yaya za ta buɗe baki ranar salla ta ce tana kewa? Ko ni da nake rubuta wannan takarda, ka ga alƙalamina ya ƙi rubuta sunan. Saboda haka sai gida ya yi tsit, mutum uku suna tunanin abu guda, ba mai furtawa.

Masu zuwa gaisuwar salla kuma kowa na taka tsantsan. Wanda ya tuna sai ya ce, “Sai haƙuri.” Wata ta ce da mai ɗakina, “Ke da kike da ƙuruciya, Allah zai mayar miki da gurbi.” Wata tsohuwa ta ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau. Ban ga laifin kowa ba, abin da suka gada ke nan. A zamanin da mace kan binne 'ya'ya bi da bi, har a riƙa sa wa ɗan wabi suna irin su Ajuji don mutuwa ta raina shi ta bar shi, lalle irin waɗannan kalmomi su ne igiyar da ta riƙe iyayenmu mata. Amma ɗa ba ruwan tulu ba ne, balle a koma rafi a ɗebo irinsa. Wanda za a haifa gobe da rabonsa zai zo, da sunansa, gurbin wanda ya tafi kuwa yana nan.

Wadda ta kwance mana ƙullin nan ita ce mahaifiyata. Al'adar da ta ɗaure bakin uwa ita ce ta saki na kaka, gama kaka da jika abokan wasa ne, tsohuwa takan kira jikarta kishiya. Da yamma ranar hawan Daushe muna zaune a tsakar gida, an ajiye cincin ba mai ci, sai Inna ta kama sunan yarinyar ƙarara, ta ce, “Yau da kishiyata tana nan da ban ga ko ƙwaya ɗaya a farantin nan ba. Bara a bakin zanena ta ƙulle nata wai ajiya, da ta dawo ta rantse na ci mata biyu.” Mai ɗakina ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta yi mai isarta. Inna ba ta hana ta ba, sai ta ce, “Yi abinki, 'yar nan, hawaye ba saɓo ba ne.” Muka raba dare muna labarin yarinyar, wannan ya tuno wannan, wancan ya tuno wancan. Daren nan ne muka fara barci sosai tun shigowar azumi.

Da na kai wa malaminmu wannan magana sai ya ƙarfafa ta. Ya ce kwana ukun da shari'a ta yanka wa mai makoki, in ba matar da mijinta ya rasu ba, wadda ke takaba wata huɗu da kwana goma, iyaka ce ta zaman makoki da barin ado, amma ba a yanka wa zuciya kwanaki ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da yage tufa, da marin fuska, da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Ya tuna mini Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba wanda kuwa ya fitar da shi daga cikin masu haƙuri.

Babbar salla ta zo ranar Lahadi, 16 ga Yuni, 2024. A wannan karo 'yan sanda sun hana hawa a Kano saboda rikicin sarauta, ba Daushe ba Nasarawa. Na lura rashin hawan bai rage mana kome ba. Ashe nauyin ba a cikin tambari da algaita yake ba, a cikin gida yake. Babbar salla kuma tana da ƙayarta daban ga uban da ya yi rashi. Liman ya tashi huɗuba ya ba da labarin Annabi Ibrahim, yadda aka umurce shi da yanka ɗansa, ya miƙa wuya, sa'an nan aka fanshi yaron da rago, uba ya koma gida da ɗansa a raye. Jama'a na ta kabbara, ni kuwa ina zaune a sahu zuciyata na ce mini, ga uban da aka mayar wa nasa. Ba ƙin hukunci ba ne, tunani ne irin na ɗan Adam, na kuwa tabbata ba ni kaɗai ya zo wa a filin nan ba.

Amsar da ta sanyaya mini rai a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na same ta. 'Ya'ya bakwai aka haifa masa, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗimatu kaɗai ta saura bayansa, ita ma da kamar wata shida. Autansu, wanda ya raɗa wa sunan Ibrahim ɗin nan, ya rasu a Madina bai cika shekara biyu ba, cikin shekara ta 10 bayan hijira. Ya ɗauke shi, idanunsa suka zubar da hawaye a gaban sahabbansa, ya kuma kama sunan yaron ya faɗi baƙin cikin rabuwa da shi. A cikin wannan shekara kuwa ya tafi hajjin ban kwana, ya tsaya Arfa, ya yi hadaya da hannunsa. Watau fiyayyen halitta ya yi babbar salla yana uban da ya yi rashi, bai fasa ibada ba, bai kuma ɓoye hawaye ba. Tun da na riƙe wannan sai na ga ashe ni ma ina da wuri a filin Idi.

Bayan salla aiki ya komo da ƙarfi, gama lokacin ne fatun layya ke kwararowa majemun Challawa da Sharaɗa daga hannun dillalai da ƙungiyoyin addini masu tarawa, a zuba musu gishiri, a jibge, akawu na ƙidaya. A cikin wannan aiki muka sami zama da wani abokin aikina, makanikin injuna, Kirista mutumin kudancin Kaduna, wanda ɗansa namiji ya rasu shekaru kafin tawa. Mun daɗe yana aiko mana shinkafar Kirsimeti muna aika masa naman layya, amma ba mu taɓa zancen nan ba sai ran nan. Ya ce mini, “Malam akawu, ta farko ce mai wuya. Ta biyu ma da wuya, sai dai ka riga ka san hanya.” Ya ce a gidansa ran Kirsimeti sukan ambaci yaron cikin addu'ar safe, sa'an nan a ci a sha. Maganarsa ta tuna mini abin da aka koya mana a makarantar mishan, cewa kwana uku bayan Kirsimeti, ran 28 ga Disamba, waɗansu majami'u sukan keɓe rana don tunawa da yaran Baitalami waɗanda sarki Hirudus ya sa aka kashe. Ka ga su ma a tsakiyar bikinsu sun bar wa iyaye masu kuka wuri. Ciwon ɗa bai san addini ba, bai san ƙabila ba.

To, ga yadda muka tsara sallarmu, ko wani zai amfana. Tun kafin babbar sallar nan mai ɗakina ta kawo shawara, ta ce, “Malam, kuɗin kayanta fa? Kada su shige cikin cefane.” Sai muka riƙa yanka yadinta kamar da, a haɗa da takalmi da ɗankwali, a ɗinka wa wata marainiya tsararta a unguwarmu. Telan nan ya buɗe sabon layi a ƙarƙashin tsohon, bai soke na farko ba. A sallar 2025 da ya sake auna marainiyar sai ga tsawon riga ya ƙaru, muka ga da idonmu inda tamu za ta kai da tana nan. Abin ya sosa mana rai, amma mun fi son saninsa bisa ga rashinsa. Ranar salla yarinyar takan zo ta gaishe mu cikin kayan, Inna ta tsokane ta, gida ya yi motsi.

Na biyu, an so mai zuwa Idi ya tafi ta wata hanya ya komo ta wata. Ni hanyar komowata ta gefen maƙabarta ta biyo. Ban ce wannan wata ibada ce ta ranar salla ba, kada malamai su kama ni, hanya ce ta bi da ni. Nakan tsaya in yi wa mutanen wurin sallama, in yi addu'a, in wuce. In na iso gida mai ɗakina takan dube ni, in gyaɗa kai, ta san na biya, sa'an nan a zuba tuwon salla. Na uku, na bi maƙwabta gida gida na roƙe su su sakar mana yara su shigo, suka kuwa sake su.

Saura roƙona ga jama'a. Ku maƙwabta, zumunta a ƙafa take. In za ku fita gaisuwar salla ku sa gidan da aka yi rashi a gaba, ko da rasuwar ta shekara. In mutanen gidan suna son zancen ɗansu ku saurara, in ba su so ku zauna kaɗan ku ci abin da aka kawo muku, wannan ma gaisuwa ce. Ku kakanni, da goggonni, da kawunnai, da taubasai, ku da al'ada ta sakar wa baki, ku kama sunan yaron ku tuno wani abin dariya da ya yi, gama iyayensa suna jiran wanda zai fara. Ku dangi mata, ku ƙyale uwa da abin da ta iya. In ta yi lalle kada a ce ta manta, in ba ta yi ba kada a ce ta ƙi haƙuri. Mu kuma maza, kada mu gudu majalisa tun safe har dare mu bar mace ita kaɗai da bango huɗu, domin ɗan namu ne mu biyu.

Ku limamai, Allah ya ƙara muku daraja, in kun zo addu'a a ƙarshen huɗubar Idi ku sa iyayen da suka rasa 'ya'ya a ciki, ko da kalma biyu ce. Ku manajoji da shugabannin ma'aikata na Sharaɗa da Challawa da Bompai, in za ku tsara waɗanda za su tsaya aiki lokacin hutun salla ko na Kirsimeti, ku tambayi wanda ya yi rashi abin da ya fi so. Wani gida yake bukata, wani kuwa aikin yini ɗaya shi ne zai taimake shi, tambayar kuma ba ta cin ko kwabo. Wanda kuma ya ga baƙin ciki ya hana shi ci da barci wata da watanni, ko ya ga haka ga matarsa, to, ya haɗa addu'a da zuwa wurin likita. Akwai likitocin da aikinsu ke nan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba kuwa abin kunya ba ne.

Daga ƙarshe, ku 'yan'uwana da salla za ta riska cikin wannan hali, musamman waɗanda wannan ce ta farko gare su, ba zan ruɗe ku in ce za ta zo da sauƙi ba. Amma rana ce, da safiya da maraice kamar sauran ranaku, za ta kuwa faɗi. An ce haƙuri maganin zaman duniya, gaskiya ne, sai dai haƙuri daban, mantuwa daban. Mai haƙuri shi ne wanda ya je Idi, ya yi kabbara, ya raba goron salla ga 'ya'yan mutane, yana sane sarai da wanda babu, bai kuwa ce da Ubangijinsa don me ba. Allah ya sa yaranmu da suka riga mu masu ceto ne, ya raya waɗanda suka saura, ya ba iyaye mata dangana, ya nuna mana salla lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Panshekara, Kano.